Yadda Tabita Ta Bar Bencin Baya

Bunsurun bai yi shawara da kowa ba. Attahiru mai Keke ya rage gudu ne kawai don ya kauce wa wani rami a hanyar Shagari zuwa Boɗinga, sai ya ji bayan Keken nasa mai ƙafa uku ya yi shiru. Da ya waiga, igiya ce kaɗai ke lilo a jikin ƙarfe, mai igiyar kuwa har ya sauka kwalta ya faɗa gonar albasa. Attahiru ya rufa masa baya, da tumbinsa da komai. Bai yi nisa ba santsin hanyar ban-ruwa ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin taɓo, wando ya yage tun daga gwiwa har inda ba a faɗa. Bunsuru ya tsaya can nesa, ya dube shi, ya yi atishawa, ya shige cikin karan dawa.

Da na wani ne da da sauƙi. Bunsurun Tabita ne.

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan tashar Boɗinga ya san Tabita. Mutuniyar Zuru ce, ta zo garin tana amarya tare da mijinta Markus, ɗan sanda. Markus ya rasu, 'ya'ya suka girma suka watse Sakkwato da Kabi, ita kuwa ta ce ƙafarta ƙafar injinta. Mutanen unguwa suna cewa inji biyu gare ta: ɗaya na niƙa hatsi, ɗaya na niƙa mutane. Kuma kowa ya san ƙa'idar, in ta kashe na farko, to na biyun ne zai tashi. Ta taɓa zagin wani direba tun daga kakansa har tayoyin motarsa, ya tafi ya manta kwanon garinsa bai dawo ba.

Attahiru kaɗai ke taɓa ta ya kwana lafiya, shi ma don Bazamfare ne, ita Badakkara, akwai wasa tsakaninsu tun kaka da kakanni. Shi ke ɗauko mata buhuna daga kasuwar Shagari. Kuma kowace Kirsimeti shi take kira ya yanka mata dabba, domin maƙwabtanta Musulmi su ci naman hankali kwance. A nan Tabita ba ta da rowa. Bakin ne dai.

Bakin ne kuma ya kai ta bencin baya. Bara, ana shirin waƙa a zumuntar mata ta 'yar majami'arsu, wata mai suna Balaraba ta ce mata ta rage murya. Tabita ta wanke ta tas a gaban jama'a, har da gorin rashin haihuwa. Dattawan ikkilisiya suka sa ta horo: ta zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ba waƙa a zumunta, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasar ibada da ake rabawa a majami'a. Ta ce dama can bencin ya fi iska.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, inji ya yi tsit, ba mai ɗebo mata ko ruwa. Wadda ta zo ta yi mata wanki, ta dama mata kunu, ta gyara mata shimfiɗa, Balaraba ce. Tabita ta ba Attahiru labarin da kanta bayan ta tashi. Ta ce tun tana goye ake kai ta majami'a, ta haddace waƙoƙi sun fi gashin kanta, amma sai a kan tabarmar nan, tana kallon matar da ta ci wa mutunci tana matse mata zane, ta gane ba ta taɓa ba Almasihu zuciyarta ba. Ta ce a nan ta tuba, a nan ta sami ceto.

Dattawa ba su yi saurin tafa mata ba, don sun taɓa ganin hawayen Tabita, sun kuma ga abin da ya biyo baya. Suka ɗora wa Baba Haggai, tsohon malamin makaranta mai tafiya kamar yana ƙirga ƙasa, ya sa mata ido. In ya gamsu, Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti za a maido ta cikin jama'a. In bai gamsu ba, sai baɗi. Kuma ranar da bunsurun ya tsere ce, da la'asar, zai zo wurin injin su yi magana ta ƙarshe.

Wannan ne ke cin Attahiru yana tuƙo Keke da taɓo har kunne. In Tabita ta fashe a gaban dattijon, shi ya ja mata. Ya yi niyyar laɓewa bayan shagon mai faci har baƙon ya tafi, amma salansar Kekensa ba ta iya sirri ba.

"Bazamfare! Ga ni nan, ina za ka?"

Ya fito da igiya a hannu. Baba Haggai na zaune kan benci da sandarsa, mata uku na jiran niƙa.

"Ina bunsuruna?"

"Yaya Tabita, wallahi shi yat tahi. Ban kore shi ba."

"Ya tafi ina?"

"Bai hwaɗa min ba."

Tabita ta dubi igiyar, ta dubi wandon. Ta miƙa hannu ta kashe inji. Matan nan suka ja kwanoninsu baya, ɗaya har ta toshe wa goyonta kunne. Attahiru ya ga jijiyar wuyanta ta tashi, ya fara salati a zuci. Sai ta juya ta zaga bayan rumfa. Aka jira, aka jira. Da ta dawo, bokitin ruwa ne a hannunta da wani tsohon wandon marigayi Markus.

"Ka ji ciwo?"

Attahiru ya waiga ya ga ko da wani take.

"Da kai nake. Je ka wanke, kana ɗiga mini taɓo kusa da garin mutane." Sannan ta juya ga dattijon. "Baba, kada ku ɗauka ban ji haushi ba. Zagi ya zo mini har kan harshe, iri-iri, wasu ma sababbi ne ban taɓa gwada su ba. Can baya na je na kai wa Ubangiji su. Wanda ya yafe mini abin da na yi wa Balaraba, ba zan tsaya gabansa da maganar bunsuru ba."

Baba Haggai ya miƙe. Ya bi Attahiru bayan rumfa, ya same shi yana kokawa da wandon ɗan sanda da ya ƙi wuce cinya.

"Malam Attahiru, tsakaninka da Allah. Don ina zaune ne ta haɗiye?"

"Baba, ni Musulmi na, ban san dokokin majami'arku ba. Amma tun da anka yanke gero ban ji ta zagi ko kaza ba, kuma ba ku nan. Da Kekena na kai ta gidan Balaraba, da idona na ga ta durƙusa tsakar gida, ba wanda ya aike ta. Direban nan da ta kora, ita ta neme shi har tasha ta ba shi haƙuri, ya zaci tarko na. Mu 'yan unguwa har mun hwara kewa, yamma ta yi ba abin saurare."

Dattijon ya yi 'yar dariya. Ya ce shi dama ba hawaye yake nema ba, ba kuma daɗin murya ba. Yana so ya ga ko abin da take alfahari da shi da, yanzu kunya yake ba ta. Ko takan faɗi laifinta tun ba a kama ta ba. Ko kuma halin yana nan ran da ba idon dattijo a kusa. Ya dogara sandarsa ya tafi.

Kashegari da hantsi wani manomi, Abdulrazak, ya iso da bunsurun ɗaure a bayan babur. Ya cinye masa dashen albasa kunya guda, kuma an gaya masa ko na wace ce, don haka ya zo da shirin yaƙi, har ya naɗe hannun riga. Tabita ta ba shi haƙuri, ta ba shi kunun zaƙi mai sanyi, ta ce ranar yanka rabonsa na nan. Mutumin ya hau babur yana tambayar ko akwai wata Tabitar a garin.

Ran Lahadi aka kira sunanta daga bencin baya. Attahiru yana bakin titi yana jiran fasinja ya jiyo guɗa daga majami'a, ya san an gama. An ce Balaraba ce ta matsa ta ba ta wuri kusa da ita.

Jajiberen Kirsimeti ya zo da wuƙarsa. Wannan karon da igiya biyu ya ɗaure bunsurun, ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Da aka feɗe, Tabita ta ware cinya ɗaya ta Balaraba, ta ware na mai albasa, ta tura wa Attahiru wuya kamar yadda aka saba.

"Wuya kaɗai? Badakkara, ki ji tsoron Allah. Ba don na yar da bunsurun ga ba, da mi dattawa za su gane kin shiryu? Ni na hisshe ki bencin baya. Cinya ta biyun nan tawa ta. Kuma ni dai ina tausayinki, ceton ga ya cinye miki baki kaf."

Tabita ta ɗauko kan bunsurun ta ƙaho, ta dangwara masa a gaba.

"Zagi aka raba ni da shi, Bazamfare, ba gaskiya ba. Ungo kan. Tunda ya fi ka dabara yana raye, ci ƙwaƙwalwar ko ka samu ragowa."