Bangon Jamusawa da Fon Goggo Luan

Duk wanda ya zo birnin Qingdao yawon buɗe ido shekarun baya, akwai yiwuwar Goggo Luan tana cikin hotonsa, a gefe, riƙe da fo mai murfi. Ni maƙwabciyarta ce, ɗakina na ƙasan nata, don haka na san tafiyarta tun daga ƙarar matakala.

Gidanmu wani ɗan kasuwa Bajamushe ne ya gina wa kansa, da jan rufi da tagogi dogaye masu kallon teku. Mutum ɗaya da matarsa da karensa suka zauna a ciki. Da zamani ya juya aka cusa mu gida takwas, aka raba falo da katako, banɗakin Bature kuwa ya zama kicin ɗin wani. Mai jin matsuwa sai ya gangara masai na unguwa a ƙasan tudu.

Nan aka kawo Luan Guizhi amarya. A masaƙa ta yi aiki har ta yi ritaya, ta haifi 'ya ɗaya, kuma burinta a duniya bai wuce ɗaya ba: masai nata na kanta, mai ƙofa, wanda za ta ja ruwa ya tafi. Ga gine-gine can bakin teku suna ta rige-rigen taɓa sama, an ce masansu ma da kansu suke ɗaga murfi idan sun ga mutum. Ita bututu guda take nema.

Da mijinta Tsoho Teng ya samu shanyewar ɓarin jiki, abin ya wuce buri. Ta je ofishin unguwa, aka turo jami'i mai kyawawan takalma. Ya shafa bango kamar mai shafa jariri.

"Goggo, wannan gidan tarihi ne. Ko ƙusa ba a bugawa. Mutane daga nesa suke zuwa ganinsa."

"To ɗana, su zo da asuba mana, su taya ni ɗaukar tarihin zuwa ƙasan tudu."

Ya yi dariya, ya ce Goggo akwai barkwanci. Mako na zagayowa aka kafa mana allon tagulla a bakin ƙofa, mai sunan Bajamushen da shekarar gini. Ramukan ƙusoshin allon ban san ta ina suka samu izini ba.

Daga nan amare suka gano mu. Kullum da safe ga farar riga tana jan ƙasa a kan matakalarmu, ga mai hoto yana ba da umarni. "Goggo, ɗan dakata mana, minti ɗaya." Sai ta tsaya a bayan ƙofa da kayanta a hannu har ango ya gama sumbatar goshin amarya. Haka ta yi jinyar Teng har ya rasu, gwiwoyinta suka lalace a kan tudun nan. Abin ya ƙona min rai, har yanzu yana ƙonawa.

Bara waccan aka kwashe mu duka, wai za a raya gidan. Goggo ta koma wurin 'yarta a bayan gari, inda ba a jin ko ƙanshin teku. Watan jiya ta kira ni, ta ce mu je mu ga gari kamar baƙi.

Gidan ya zama wurin shan kofi. An goge katako, an rataye hoton Bajamushen da karensa. Goggo ta tambayi wata ma'aikaciya ina banɗaki.

"Sama, hannun dama, Kaka. Amma na masu saye ne."

Muka sayi kofin da ba mu sha ba. Goggo ta hau a hankali, ina biye, ta tsaya a ƙofar ɗakinta na da. An fasa bango, an zura bututu mai kauri kamar cinyar mutum, ga farin masai yana sheƙi. Ta shiga ta rufe. Ta daɗe har layi ya taru.

Da ta fito na ce, "Yaya, Goggo? An dai ɗana."

"Daidai inda kan gadon Teng yake suka dasa shi," in ji ta. Ta gyara gyalenta. "Mu tafi. Na zauna, na kasa."