Dokar da Malam ya kafa da bakinsa

Jiya da la'asar maigidana ya dawo daga Gusau, ya zauna a bakin tabarma ko takalmi bai cire ba. Na kife littafin da nake karantawa.

Ɗalibansa mata na nan Kwatarkwashi ya kai gasar kacici-kacici. Sun fi kowa tara maki, amma 'yan Tsafe sun fi su yawan cin wasa, ko da yake da ƙyar suke sha. Kofi ya tafi Tsafe.

Na ce, "Haba Malam, wane marar imani ne ya kafa wannan doka?"

Ya ce, "Mijinki ne, Hauwa. Bara da lissafin maki aka kayar da mu, na miƙe a gaban kwamiti na ce cin wasa ne gwaninta. Yau aka ce a dawo da tsohuwar doka saboda mu, na ƙi."

"Yaran fa?"

"Har muka iso gida babu wadda ta ce mini uffan a mota."

A littattafan da na saba karantawa, wanda ya fi shan wahala shi ke dariya a shafin ƙarshe. Jiya kuwa ruwa kawai na miƙa masa.

Da ku ne, wa za ku ba kofin nan?