Yayana da azumin da bai hau kansa ba

Yayana manomin albasa ne a fadamar ƙauyenmu, kudu da Madawa. Bai daɗe da aure ba ya fara ramewa, ga ƙishirwa da ba ta jin ruwa, ga fitsari ba iyaka. Da muka kai shi asibitin Madawa, lokotoro ya ce ciwon suga ne, amma ba irin na tsofaffi ba. Jikinsa ne da kansa ya juya ya kashe wurin da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga, a cikinsa, don haka sai dai a riƙa ba shi ta allura, kullum, har ƙarshen rai. Ya kuma ja masa kunne: in ya yi allura dole ya ci abinci, in ba haka ba sugan jininsa zai faɗi ya kayar da shi.

Ya koyi tsira wa kansa allura a cinya. Ba mu da firigo mai sanyaya kaya, sai matarsa ta riƙa ajiye kwalbar maganin cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Jiki ya dawo, ya koma gona.

Da azumi ya matso, ya je wurin limaminmu. Liman bai yi wani ja ba. "Ka ci abincinka," ya ce masa, "Allah bai ɗora maka ba."

Amma liman ba ya zuwa fadama. Can kuwa akwai ɗan kawunmu, taubashinmu, wanda al'ada ta ba shi bakin tsokana. Da aka kama azumi, duk sanda Yaya ya koma bayan rijiya zai sha fura, sai ya ɗaga murya: "Ku zo ku ga ƙato mai cin rana! Ko jego kake yi ne?" Mutane su fashe da dariya. Yaya ma yakan yi dariyar.

Wata safiya na ga matarsa ta miƙa masa gorar fura ya ƙi karɓa.

"Yaya, ka yi allura fa," na ce.

"Na yi. Azumin yau ɗaya dai, in gani."

"Lokotoro ya hana."

"Lokotoro ba shi ake wa dariya ba."

Ni a ranar, kasuwa na tafi. Abin da ya faru, daga bakin waɗanda suka gani na ji shi. Da rana ta take, ya fara zufa yana rawar jiki, yana maganar da ba ta da kai, sai ya faɗi tsakanin kunyoyin albasa. Wata mata mai tallan dabino ta ce a sa masa wani abu mai zaƙi a baki. Aka yi mata ca. Wani ya ce mai ciwon suga za a ba zaƙi, so take ta kashe shi? Wani ya ce ai azumi ne a bakinsa. Suka ja shi inuwa suna masa fifita, suna tofa masa addu'a, da dabino cike da faranti a gefensu. Sai da ya daina motsi aka nemo amalanke. Kafin a kai bakin kwalta ya cika.

A zaman makoki, abin da na fi ji shi ne an yi kyakkyawan ƙarshe, ya tafi da azumi a baki. Taubashin namu ma ya faɗa, yana share hawaye. Innarmu ta dube shi, ta juya fuskarta bango.

Ba wanda aka tuhuma, don wasa ne, kuma wasan taubasai ba a kai shi gaban mai gari. Matar Yaya ta gama takaba ta koma garinsu, wajen Buza. Har yau sahu ɗaya muke salla da ɗan kawun nan. In an sallame yakan miƙo mini hannu, ni ma in miƙa masa, saboda Inna tana raye kuma kawu ɗan'uwanta ne.