Jar Tutar da Haladu Ya Wuce da Ita

Wata rana, cikin zafin bazara, wani direban tirela mai suna Haladu ya ɗauko tumatir daga Kadawa zai kai Kudu.

Shekararsa ashirin da shida yana jan babbar mota. In ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka haka, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Bai taɓa goge motar kowa ba. Bai taɓa kayar da kaya ba. Wannan ma sai ya gaya maka.

A gefensa mai kayan ne zaune, Alhaji Labaran, mutumin da ba ya yarda tumatirinsa ya yi tafiya ba tare da shi ba. Duk ramin da taya ta faɗa, sai ya dafe ƙirji kamar shi aka taka.

Wajen tsakar rana suka iso inda ake gyaran hanya.

An kankare kwalta, an jera ganguna an tare hanya, an bar wa motoci 'yar siririyar hanyar burji mai tsawon kilomita huɗu da ta ratsa tsakanin duwatsu. Mota ɗaya take ɗauka. Dutse a dama, ramin da aka haƙa a hagu. In motoci biyu suka haɗu a ciki, babu inda ɗaya za ta kauce.

Ga shi wurin babu sabis ɗin waya ko kaɗan.

Don haka masu aikin suka yi dabara. Mutum ɗaya a wannan bakin, mutum ɗaya a wancan. In na nan ya saki motoci, sai ya miƙa wa direban ƙarshe wata 'yar jar tuta a jikin sanda. Direban zai kai wa na can. Shi kuma na can ba zai saki nasa motocin ba sai tutar ta shiga hannunsa, domin ita ce shaidar cewa babu sauran kowa a ciki.

Tuta ɗaya ce tak, tana kai da kawowa tun safe har yamma.

Ranar nan Haladu ne na ƙarshe a layi.

Mai tsaron bakin ya ɗago tutar, ya miƙa masa ta taga, ya ce ya ba wa tsohon da zai tarar a can. Haladu ya karɓa ba tare da ya ko dube shi ba, ya jefa ta gefen kujera.

Shi hankalinsa yana kan hanya, kuma gaskiya ba laifinsa ba ne. Wanda bai taɓa jan tirela a irin wannan wuri ba ba zai gane ba.

Kan motar ya wuce kwana, amma gindinta yana can baya bai iso ba. Ido ɗaya a gaba, ido ɗaya a madubi. Ga ƙura, ga katafila tana ruri a gefe, ga ma'aikata suna tsallakawa kamar a tsakar gidansu suke. In ka taka birki da ƙarfi kwanduna su dagule. In ka saki, taya ta leƙa rami.

Haladu ya bi ta a hankali, giya ɗaya, giya biyu, yana lallaɓa motar kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Ko kwando ɗaya bai motsa ba.

A wata gargada tutar ta zame ta faɗa bayan kujera. Babu wanda ya lura.

Da suka iso ɗaya bakin, akwai ɗan tudu inda burji ya haɗu da kwalta. Haladu ya ba mota wuta don ta hau. Ya hango wani tsoho sanye da rigar nan mai walƙiya ta ma'aikatan hanya, ya ɗaga hannu yana kallon tagarsa.

Haladu ya ɗaga masa hannu shi ma, har da danna masa ham sau biyu. A ransa ya ce, tsohon nan ya san aiki, ya ga gwani ya gaishe shi.

Ya wuce abinsa.

Ya wuce dogon layin motocin da ke jira, yana tausaya musu. Har ya ce wa Alhaji Labaran, irin waɗannan ma'aikata ba su san darajar lokacin mutane ba.

Sai da suka yi tafiyar kusan rabin awa suka tsaya a wani gari don yin azahar. Haladu ya miƙa hannu bayan kujera zai ɗauko butarsa.

Hannunsa ya kamo sanda.

Ya zaro ta. Jar tuta, ta sha ƙura, tana kallonsa yana kallonta.



Nan take ya gane cewa ba gaisuwa tsohon ya yi masa ba. Kuma ya gane abin da ya fi wannan: tun da ya wuce, babu motar da ta motsa. Tsohon yana jiran tuta ta zo, na wancan bakin yana jiran ta dawo. Babbar hanya guda ta tsaya cak, kuma dalilin tsayuwarta yana hannunsa.

Alhaji Labaran ya leƙo ya gani, ya ce ya wurga ta cikin jeji su kama gabansu. Ai kamfani mai katafila goma ba zai rasa tsumma da sanda ba. Kuma tumatir ba ya jira, yanzu haka rana tana dafa shi a kwando.

Haladu ya dubi jejin da ke gefen hanya. Maganar ta shige shi, ba zan ɓoye muku ba. Wa ya gan shi? Wa ya riƙe lambar motarsa?

Suna cikin haka sai ga wani ɗan acaɓa ya fito daga wajen aikin hanyar, ya tsaya shan ruwa. Haladu ya tambaye shi yadda ya baro wurin aikin.

Ɗan acaɓan ya ce abin ba daɗi. Layi ya kai har bayan gada. Direbobi sun yanyame tsohon, Baba Magaji ake ce masa, suna ta zaginsa. Wasu na cewa gyangyaɗi ya yi tutar ta wuce shi. An roƙe shi ya saki ko da mashin ɗaya ya je ya duba, ya ce ko keke ba zai shiga ba. Yanzu dai an aika a kira ogan aikin, kuma kowa ya san tsohon ya gama aiki a wurin.

Alhaji Labaran ya ce to shi ke nan, ga sauƙi ya zo. A ba wa ɗan acaɓa tutar ya kai, su kuma su wuce.

Haladu ya juya sandar a hannu.

In ɗan acaɓa ya kai, hanya za ta buɗe, haka ne. Amma maganar gyangyaɗin tana nan a kan tsohon. Babu wanda zai wanke shi sai wanda ya wuce da tutar.

Kuma wanda ya wuce da tutar shi ne mutumin nan mai shekara ashirin da shida babu kuskure. Abin ya yi masa nauyi ƙwarai. Ya ji kunya tun kafin ya je.

Ya gyara wa tirela tsayuwa a ƙarƙashin wata bishiyar maina don kayan su sami inuwa, ya sa dutse a taya, ya haye bayan ɗan acaɓan.

Alhaji Labaran yana ta faɗa yana nuna kwanduna. Haladu bai waiwayo ba.

Suka bi gefen layi. Motocin fasinja, tankoki, motar shanu, wata bas cike da mata da yara suna ta fifita da mayafai. Wani dattijo ya fito ya zauna a inuwar taya. Ɗazu Haladu ya wuce waɗannan mutanen yana zagin ma'aikata. Yanzu ya kasa haɗa ido da ko ɗaya daga cikinsu.

Da suka isa bakin ganguna, ogan ya riga ya zo. Yana tsaye da hular kwano, yana nuna tsohon da yatsa. Baba Magaji kuwa ya fara cire rigarsa mai walƙiya, hannu ɗaya ya fita, ɗaya bai fita ba. Bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba. Amma har a lokacin yana tsaye a tsakiyar hanya, bai matsa ba.

Haladu ya diro, ya ɗaga tutar sama yadda kowa zai gani.



Ya ce shi ne direban tirelar tumatir da ta fita ƙarshe. Shi aka ba wa tutar, shi ya manta da ita. Tsohon nan bai yi barci ba, ya ɗaga masa hannu, shi ne ya wuce. Duk wanda ke da zagi ya kawo masa, nasa ne.

Aka kuwa kawo masa. Direbobi ba sa rowar wannan. Ya tsaya ya shanye, har da na wani ɗan tasi da shekarunsa ba su kai na lasisin Haladu ba.

Sannan ya juya ya rusuna ya miƙa wa tsohon tutar.

"Baba, ka yafe mini. Amma me ya sa ba ka sake su ba? Wallahi babu kowa a bayana."

Tsohon ya karɓa, ya kaɗe mata ƙura.

"Kai ka san babu kowa a bayanka, ɗana. Ni sai yanzu na sani."



Daga baya ɗan acaɓan ya gaya wa Haladu cewa watanni biyu da suka wuce, wani mai tsaron ya gaji da zagi ya saki motoci babu tuta. Bas da tanka suka haɗu a kwanar dutse. Baba Magaji yana cikin waɗanda suka fito da mutane daga ramin. Tun daga ranar, ba ya sakin hanya da zato.

Ogan ya yi gyaran murya, ya kama hannun rigar da ke lilo ya taimaka wa tsohon ya mayar da ita. Bai ba da haƙuri da baki ba, irinsu ba su cika yi ba, amma kowa ya gani.

Baba Magaji ya janye ganga, ya fara sakin motoci ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka zage shi ɗazu suna wucewa, wasu na ɗaga masa hannu, wasu na kau da kai. Da ya ga adadin ya isa, ya miƙa wa direban ƙarshe tutar, ya riƙe sandar bai saki ba sai da suka haɗa ido.

Sannan ya juyo ya dubi hannun hagun Haladu.

Ashe duk wannan tafiya, butar tana hannunsa bai sani ba.

Tsohon ya yi murmushi, ya ce ya ara masa, tun ɗazu yake son yin alwala bai sami damar barin wurin ba. Suka raba ruwan, suka yi azahar tare a kan buhun siminti a gefen ganguna, kafin tuta ta dawo.

Tumatir kuwa, kwandunan sama sun ɗan yi laushi. Alhaji Labaran ya yi mita tun daga nan har Kudu, bai huta ba sai da barci ya ɗauke shi.

Haladu yana nan yana jan tirelarsa. Har yanzu in ka zauna da shi sai ya ba ka labari, sai dai labarin ya canza. Ba ya fara da shekara ashirin da shida. Da tutar yake farawa.

Kuma in layi ya faɗo a kansa aka miƙa masa ita, ba ya ajiyewa a kujera. A kan cinyarsa take zama har ya fita, ya tsaya cak, ya sa ta a hannun mai ita.

Darasi:

Wani lokaci abin da aka damƙa maka bai fi sanda da tsumma ba, amma akwai wanda ke tsaye cikin rana yana shan zagi saboda bai iso ba. Saƙon da aka ba ka, ka kai. In ka manta, kada ka aika a rufa maka asiri alhali wani yana ɗauke da laifinka. Ka koma da ƙafarka, ka ce ni ne.

Kuma in ka ga mai tsaron hanya ya ƙi sakinka, ka rage masa zafi. Wataƙila ya taɓa ganin abin da kai ba ka gani ba.

Ka tura wa direban da ka sani, da duk wanda wani ke jiran saƙo daga hannunsa yau. Allah Ya kai matafiya gida lafiya.