Shekarar da Muka Kai Inna Ganin Giwa

Yayana ne ya jawo maganar. Yana aiki a makarantar koyon aikin gona da ke Shabu, kullum da la'asar sai ya biyo ta gidanmu na Lafiya a kan babur ya gaida mahaifiyarmu kafin ya wuce nasa gidan. Ran nan ya zo da hotuna a waya, wai abokan aikinsa sun je Yankari yawon buɗe ido. Inna tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce a miƙo mata. Ta kai wayar dab da idonta, ta daɗe a kan hoton wata giwa.

A ruga Inna ta tashi. Tun muna yara muke jin labarin ranar da ita da yayarta suka je ɗibar ruwa a dajin da ke bayan Doma, suka tarar da giwa da ɗanta a bakin rafi, suka ƙame a bayan itacen kirya har dabbobin suka sha suka tafi. Mun ji shi har mun haddace, wani lokaci ma mukan riga ta faɗin ƙarshensa. Amma ran nan ba ta ba da labarin ba. Ta mayar wa Yaya wayarsa ta ce, "Kafin idon nan ya ƙarasa, ku kai ni in sake ganin ɗaya."

Yaya mutum ne mai zafin nama, ya ce to a tafi makon gobe. Da muka tambayi waɗanda suka je, suka ce mu yi haƙuri, damina ce, ciyawa ta fi mutum tsawo kuma namun daji sun watsu ko'ina saboda ruwa ya wadata. Sai rani ya tsaya, duk su taru a bakin kogi. Haka muka samu watanni muna shiri, kuma a gaskiya yanzu watannin nan na fi tunawa fiye da tafiyar kanta.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai mu hallara a wurin Inna, a ci tuwo da miyar karkashi, a buɗe gardama. Yaya ya ce ta Akwanga da Jos za a bi, ni na ce ta Shendam ta fi sauƙin tudu. Maƙwabcinmu, wani direba ɗan Eggon mai tsohuwar bas da yake jigilar doya, shi ya raba mu. Ya leƙo ta katanga ya ce, "Mama, kar ki ji su. Motar nan shi ya san Jos kamar gidan ubanshi. Ni zan kai ki." Inna ta yi dariya har da hawaye, magana ta ƙare a kan Jos.

Sai batun tufafi. Yaya ya ji an ce ba a shiga daji da kaya masu ɗaukar ido, ita kuwa Inna ta riga ta ware jan zanenta na zuwa biki.

"Inna, ja yana tsorata su," in ji shi.

"Kai ka taɓa ganin giwa ko a waya ka gani? Zan je wurin babba ne, in tafi da tsumma?"

A ƙarshe ta yarda ta yafa mayafi ruwan ƙasa a kai, amma zanen bai canja ba.

Abin da ba wanda ya sa ta shi ne tattaki. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, har ta daina fita sai dole. Da ta ji an ce akwai ɗan saukowa da hawa a can, sai ta soma fita da safe da sandarta. Da farko bakin layi take kaiwa ta dawo tana haki. Kafin a gama girbin riɗi har kasuwa take zuwa da ƙafarta, masu tumatir suna yi mata kirari, "Mama mai giwa, yaushe tafiya?" Ƙaninta da ke kiwo a Kwandere ya zo da ƙwaryar nono, ya ji labari ya riƙe haɓa. Ya ce, "Adda, abin da iyayenmu suka yi ta gudu da shanu saboda shi, shi za ki ɗauki ƙafa ki je nema?" Ta ce masa ai shi bai gani ba, yana goye a lokacin.

An ɗaga tafiyar sau ɗaya saboda ƙanwarmu ta haihu. Bayan suna, zafi ya soma, Inna ta yi dambun nama cike da kwano, muka kama hanya.

Dambun bai kwana ba. Muna sauke kaya a masaukin Yankari wani ƙaton biri ya sure kwanon ya haye rufin ɗaki, ya zauna yana ci yana kallonmu. Washegari muka shiga buɗaɗɗiyar mota da mai rakiya. Muka ga gwanki, muka ga gadu da 'ya'yansa sun ɗaga wutsiya suna gudu, giwa kuwa sai kashinta a kan hanya da rassan da ta karya. Na ga jikin Yaya ya yi sanyi.

A fita ta biyu, wajen kogi, mai rakiya ya ɗaga hannu aka kashe mota. Can cikin itatuwa na hango bayansu, toka-toka, suna motsi a hankali. Inna ta ƙura ido ta ƙura, sannan ta kama hannuna.

"Ba na gani. Gaya mini."

Na shiga gaya mata: ga babba a gaba, ga wata ta ɗaga hanci tana jawo reshe. Sai reshen ya karye da ƙara, iska kuma ta juyo ta kawo mana warinsu. Inna ta saki hannuna ta gyara mayafi.

"Ya isa, yi shiru," ta ce. "Su ne."

Muka zauna har suka nutsa cikin daji, ba wanda ya tuna da ɗaukar hoto.

A hanyar dawowa, bayan mun sauko daga tudun Jos, ta soma rera wata waƙa da Fulatanci ƙasa-ƙasa, wadda ni da Yaya ba mu taɓa ji a bakinta ba. Direba ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Ta yi ta rerawa har muka shiga Akwanga, inda ta ce a tsaya a saya wa jikoki ayaba.