Musun Lahadi a Al Buteen

Duk wanda ya san Kure a Al Qusais ya san hannunsa ba ya rabuwa da baƙin mai, bakinsa kuma ba ya rabuwa da zancen wani wasa da Hausawan Dubai ba su damu da shi ba. Bakaniken babura ne. Baburan masu kai saƙon abinci ake kawo musu gareji, waɗanda rana ta gasa, kwalta ta cinye musu taya. Kafin ya zo nan ya yi acaɓa a Zariya, tsakanin Wusasa da Sabon Gari, har gwiwarsa ta ce ta gaji, ya koma riƙe sifana. Matarsa da 'yarsa Salomi suna can gida. Shi kuwa yana kwana a gadon sama, a ɗakin da suke haya su da yawa, ranar Lahadi ya goge rigarsa ya tafi coci.

Wasan da ya kama zuciyarsa Turawa suna ce masa sifidwe, Kure yana ce masa tseren marasa birki. Babura huɗu ne ake saki a kewayayyen fili na jar ƙasa, su yi zagaye huɗu. Babur ɗin ba birki, ba canjin giya, kuma kullum hagu ake shan kwana, mahayi ya zura ƙafarsa ta hagu cikin takalmin ƙarfe yana jan ta a ƙasa. Kulob biyu ke karawa, a yi ta tsere ana tara maki. Wani Baturen Poland da ya taɓa zama ogansu a gareji ne ya nuna masa a waya lokacin cin abincin rana. Baturen ya koma ƙasarsu, ya bar wa Kure ciwon. Ya ɗauki kulob ɗin garin ogan nasa, kuma tun da sunan ya fi ƙarfin harshensa, sai ya raɗa musu Masu Shuɗi. Gwaninsa a cikinsu wani mahayi ne mai furfura a gemu, shi kuma ya sa masa Tsoho.

Mutum ba ya jin daɗin kulob shi kaɗai. Abokin ɗakinsa Harrison ɗan ƙwallo ne, in Kure ya fara bayanin yadda aka jiƙa fili sai ya toshe kunne da waya. Haka Kure ya yi ta haɗiye ra'ayinsa kamar ɗan maganin zazzaɓi, har ranar da ya je cin tuwo wani gidan abincin Hausawa a Deira. Yana ci yana kallo, wani mutum mai farar jallabiya ya leƙo ta kafaɗarsa, ya tambaye shi mutumin ina ne.

"Zariya," in ji Kure.

"Ai na sani," mutumin ya ce. "In ba Bazazzagi ba, wa zai zauna yana kallon mutum a kan babur ba birki?"

Kure ya ɗaga kai ya dube shi sama da ƙasa. "Kai Bakano ne, ko? To ai ku kuka cire birkin kuka sayar."

Mutumin shi ne Sanda, akanta a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Al Buteen. Kanawa da Zage-zagi abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ba a fushi, ba a neman afuwa. A ranar Sanda bai san gaban wasan daga bayansa ba, amma da ya ji Kure na Masu Shuɗi ne, nan take ya tambayi su wa ne manyan abokan gabarsu. Aka ce Masu Rawaya. Ya ce to shi nasu ne har abada. Ya zaɓi wani yaro mai rawar kai a cikinsu, ya sa masa Auta.

Daga nan Lahadi ta samu ma'ana. In an tashi daga coci Kure ya ɗan huta, da yamma ya hau jirgin metro zuwa Al Buteen, ya haura bene zuwa gidan Sanda, inda ake hango jiragen katako a bakin ruwa ta taga. Uwa, matar Sanda, mahaifiyar ɗansu Haidar, ta kawo shayi da cincin. A jingina wayar Kure a jikin fulas, a fara.

Kure mutumin fili ne. A wurinsa komai daga ƙasa yake farawa: an zuba ruwa da yawa, an bar ta ta bushe, ta yi santsi a ciki, ta yi kamu a bakin katanga. Sanda kuwa cewa yake duk surutu ne, wanda ya riga fita in an ɗaga igiyar fara tsere shi ya ci.

"Tsohonka ba ya cin maki sai a gida," Sanda zai ce. "Masu gyaran fili ne suke shimfiɗa masa kamar gadon amarya. Ka kai shi waje ka ga, kamar an ɗora buhun gero a kan babur."

"To Autanka fa? In bai riga fita ba, shi ke nan, khalas, sai ya bi bayan mutane yana shan ƙasa. Kuma wanda ya tsara jadawalin bana surukinku ne. A ce an jera mana wasa uku a waje, ku kuna gida kuna shan iska?"

"Ruwan sama ne ya ɗage muku wasa, habibi. Shi ma surukinmu ne?"

Haka za su yi ta yi, kowa ya kafe kamar jakin da ya ga gada. Amma da an kira magariba daga masallacin da ke ƙasan benen, Kure zai miƙa hannu ya tsayar da wasan, ya kifa wayar a kan tebur. Ko da Tsoho yana tsakiyar shan kwana ne. Sanda ya tashi yin alwala yana cewa, "Bazazzagi, kar ka leƙa." Kure ya zauna da kofinsa yana kallon jiragen ruwa har a idar.

Sun yi shekaru a haka. Sai wata safiya, kakar wasa ba ta daɗe da buɗewa ba, Sanda ya faɗi a ofis. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace, harshensa ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti, gidan ya cika da masu dubiya. Kowa ya shigo sai ya sassauta murya: sannu Alhaji, ya jiki Alhaji, Allah ya sa kaffara ne.

Kure ma ya zo. Da ya ga abokinsa a kishingiɗe, hannu ɗaya a yashe a kan cinya, sai tsoro ya kama shi, da tausayi. Ya zauna a bakin kujera kamar baƙo, ya ce, "Sannu Alhaji. Allah ya ba da lafiya." Bai taɓa ce masa Alhaji ba sai ranar.

Ya ci gaba da zuwa kowace Lahadi, ba fashi, yana jingina waya a jikin fulas kamar da. Sai dai ya sauya baki. A ganinsa ba a musu da marar lafiya. Auta ya zo na ƙarshe, Kure ya ce ai filin ne ba kyau. Auta ya taɓa igiya aka kore shi daga tsere, Kure ya ce alƙalin wasa ne ya zalunce shi. Har ya kai ga cewa gaskiyar Alhaji ne, Tsoho ya tsufa, ya kamata ya ajiye. Sanda ya dube shi da ido ɗaya mai kyau, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya fuskarsa bango.

Abin ya yi ta gaba. Sanda ya ƙi magana sam, don kunyar yadda kalmomi ke fitowa a murɗe. Mai koya masa motsa jiki ta zo, ya ƙi tashi. Likita ya faɗa wa Uwa cewa waɗannan watannin na farko su ne na aiki, in harshe da ƙafa suka saba da kwanciya, tashinsu sai an sha wuya. Kure ya sa sunansa a addu'ar coci, ya kawo masa zuma daga garin Hatta, ya ƙara tausasa murya. Duk a banza.

Wata Lahadi Uwa ta rako shi bakin ƙofa, ta ja ƙofar a bayanta.

"Baban Salomi, don Allah in tambaye ka. Kun yi faɗa da Abban Haidar ne?"

"Ni? Haba. Faɗan me?"

"To me ya sa ka daina zaginsa?"

Uwa ba ta jira amsarsa ba.

"Kowa ya shigo sai sannu," ta ce. "Sannu ta ishe shi. Kai kaɗai yake jira. Ranar da ka yabi yaron nan nasa, na ga idonsa. Wallahi ya ɗauka likita ya faɗa maka abin da aka ɓoye masa. In har Bazazzagi ya fara girmama shi, ai yana ganin tasa ta ƙare."

A metro Kure ya tsaya riƙe da ƙarfe, kunya ta rufe shi. Shi da ya taso yana ganin abokan wasa suna zuwa har gidan makoki su tsokani mamaci, don a san zumunci bai mutu ba, shi ne ya zo ya yi wa nasa abokin wasan ta'aziyya tun yana da rai.

Lahadin da ta biyo baya ita ce ta karon Masu Shuɗi da Masu Rawaya, a filin Masu Shuɗi. Kure ya hau benen. Ya tarar Uwa ta tallafo mijinta daga gado zuwa kujera, yana tafe yana jan ƙafar hagu a kan tayil. Kure ya tuna maganar Uwa.

"Kai, Bakano," ya ce. "Ashe shiri kake yi a ɓoye? Ga jan ƙafar hagu ka iya, takalmin ƙarfe kawai ya rage. Sai dai da wannan tumbin ba kulob ɗin da zai ɗauke ka. Ko Masu Rawaya da ba su da zaɓi."

Uwa ta sunkuyar da kai. Sanda ya tsaya cak, ya juyo ya kalli Kure. Da ya zauna, bai juya bango ba.

Aka fara wasa. Kure ya buɗe baki, duk abin da ya tara na makonni ya zazzage shi. Ya ce Auta ɗan gata ne, babur ke tafiya da shi. Ya ce Masu Rawaya sun zo yawon buɗe ido. Yana faɗa yana satar kallon abokinsa, yana jin kamar yana taka ƙaya. Can a wani tsere aka haɗa Tsoho da Auta. Aka ɗaga igiya, Auta ya riga fita kamar kullum. Tsoho ya bi shi a hankali, zagaye ɗaya, biyu, uku. A kwanar ƙarshe ya buɗe can bakin katanga inda ƙasa ta taru, ya ƙara wuta, ya wuce yaron ta waje da tazarar taya.

"Ka gani?" in ji Kure. "Ka ga aikin manya? Yaronka ko keke bai iya ba."

Sai ya ji wata murya mai nauyi daga kujera.

"Ƙar... ƙarya."

Kure bai juya ba. "Wa ya yi magana?"

"Fili," Sanda ya ce, yana kokawa da kowane harafi. "Sun... jiƙa... masa."

"Me ka ce? Ni ban iya Kananci ba, sai ka maimaita."

Sanda ya maimaita. Ya sake maimaitawa, da ƙarfi, har da buga hannun dama a kan kujera. Ya ƙara da cewa ɓarayi ne. Uwa ta shige kicin da sauri, mayafi a bakinta. Kure ya tashi ya je taga wai zai duba ko an kusa kiran salla, ya tsaya can yana share ido da bayan hannunsa mai baƙin mai. Bai taɓa jin daɗin a ƙaryata shi irin na ranar ba.

Ba a ce Sanda ya warke sarai ba. Amma ya yarda da mai motsa jiki, don Kure ya ce Bakano ba zai iya sauka benen nan da ƙafarsa ba, shi kuma ya rantse sai ya sauka. Ya sauka, da sanda a hannu. Da kakar wasa ta ƙare, aikin ofis ya gagari Sanda, iyalin suka tattara suka koma Kano. Kure ya raka su filin jirgi. Bai ce masa sannu ba. Cewa ya yi ya gai da masu sayar da birki.

Yanzu in Lahadi ta yi, Kure yana zama a gadonsa na sama a Al Qusais. Ya ari wayar Harrison ya kira Kano, ya jingina tasa a jikin filo. Tsoho ya ajiye tsere bara, Auta ya yi gemu, amma musun bai ragu ba, sai dai yana tafiya a hankali, don Kure yana jiran kowace kalma ta iso. Lokacin da wasa ke farawa, a Kano la'asar ce take gabatowa. Da ya jiyo kiran salla ta cikin wayar, can nesa daga wata unguwa da bai taɓa zuwa ba, sai ya miƙa hannu ya tsayar da wasan, ya kifa wayar a kan katifa.

"Bazazzagi," muryar ta ce, da nauyinta. "Kar ka... leƙa."

Babu mai ganinsa a ɗakin. Har yau bai taɓa leƙawa ba.