Gonar Rijiya ta Habiba Ce

A Karantina, wata unguwa a ƙasar Makka, na girma, kuma ban taɓa ganin gona ba sai a bakin kakata, Hajja Ladi. Da rana tana yi wa wata nas baturiya wanki da guga. Da an yi magariba sai ta hura gawayi a tsakar gida ta ɗora kaskon gyaɗar da za ta sayar, mu jikoki mu kewaye ta.

Baturiyar 'yar ƙasar Ailan ce, daga wani ƙauye mai gida tara. Kewar gida ta sa take zuba wa Hajja labari da guntun Larabcinta, ita kuma ta ƙunso mana shi a bakin zani. Wai can kowace gona da sunanta kamar mutum: Gonar Rijiya, Gonar Baƙar Saniya, Gonar Duwatsu. Da yunwa ta kori mutane suka bi jiragen ruwa, tsoho ɗaya ya ƙi tafiya. Kullum da yamma yakan zaga katangun dutse yana kiran gonaki, kowace da sunan mai ita, don in jikoki sun dawo kada su rasa inda za su tsaya.

Nan Hajja kan ɗaga ludayi ta yi rabo. "Yalla, ku miƙo hannu. Habiba, Gonar Rijiya taki ce."

Habiba 'yar kawuna ce, mai sanyin murya, irin yaran da manya ke so ba dalili. Ni kuwa kullum Duwatsu. Na yi kishi, ba na ɓoyewa. Gonar da ba wanda ya taɓa gani, amma har abinci ta hana ni ci. Na yi wa Hajja tausa, na ɓare mata gyaɗa har yatsuna suka yi ja, duk a banza. Habiba kuma in ta sha ruwa sai ta kalle ni ta ce na rijiyarta ne.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Na janye hannuna na ce, "Halas, ya isa, ba na son gonar aro. Ki ba ni ta garinmu, ta gaske, wadda Habiba ba ta da rabo a ciki."

Hajja ta daɗe tana juya gyaɗa.

"Ya binti, 'yar nan, wane garin? A hanya aka haife ni, iyayena na tattakin zuwa Makka. Uwata ta ce a gindin wata bishiya ne kafin a shiga Sudan. Ko sunan wurin ba ta tambaya ba."

Ta sauke kasko. Daga ranar ba ta ƙara rabon gona ba, ko da Habiba ta yi kuka. Na yi murna kwana biyu, Allah ya yafe mini.

Sai da na haifi nawa, 'yata ta tambaye ni daga ina muke, sannan na gane Hajja. Ba don daɗin labari ta haddace sunayen gonakin wasu ba. Tana tsaye kan guga, wata na lissafa mata inda kakanninta suka kwanta, ita ba ta da ko bishiya mai suna. Ni ina kishin Habiba a kan gona ɗaya, ita tana kishin baturiya a kan ƙauye guda. Sai dai ita nata kishin ta raba mana shi kyauta, ni kuwa da nawa na ƙwace mata ɗan abin da ta aro.